Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin kokowar Nijar: ku tare allura tun ba ta shiga fili ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku shi daɗe shugabannin hukumar kokowa ta ƙasa, mai girma ministan matasa da wasanni, da shugabannin kokowa na jihohinmu takwas, ina gaishe ku da aiki, Allah shi taya ku riƙo. Ni tsohon ɗan kokowa ne na ƙauye, ban taɓa kaiwa gasar Takobi ba, wato babbar gasar kokowa ta ƙasa, iyakata kokowar kaka da ta gunduma, yanzu kuma da la'asar ina tara yara a wani fili bayan gari nan Tawa ina koya musu abin da anka koya mini. Ba da bakina kaɗai nike magana ba. Akwai ire-irena masu koyar da yara a unguwanni, ba mu da albashi ba mu da takarda, akwai iyayen yaran ga, musamman uwaye da ke tare ni a hanya suna tambayata mi ɗiyansu ke sha, su ne sunka ce tunda na iya rubutu in rubuta.

Duk shekara in lokacin Takobi ya matso sai gari ya ɗau zafi, a fara zaɓen 'yan kokowa daga ƙananan hukumomi har zuwa jiha a fitar da goma-goma, maganar da muke ji a rediyo ita ce ta kuɗin kyauta da masauki da gyaran fili da wa zai zo buɗe taro. Duk suna da amfani. Amma mu da ke ƙasa kusa da yara akwai maganar da muke jira mu ji daga bakinku ba mu ji ba, maganar ƙwaya da allurar ƙara ƙarfi, da maganar halin da gwanayen faɗa ke nuna ma yara. Tun da fari in faɗi, ba ni zargin ko ɗan kokowa guda na Nijar da shan komi, ba ni da shaida, kuma ba zan ɓata ma bawan Allah suna ba. Abin da nike gani a hannun yara shi nike kawo muku.

Abu na farko, ku san cewa yaran yanzu ba Takobi kaɗai suke kallo ba. Mu a zamaninmu sau guda a shekara muke jin kokowa a rediyo, sauran watanni sai labari. Yaron yau salula na hannunshi, in ya zauna fada ana dafa shayi daga magariba har tsakar dare faɗan keji na UFC yake kallo da damben turawa da kac, wato kokowar turawa ta tele, ya san sunan kowa, ya san wa ya kada wa, ya san motar da kowa ke hawa. To su wa yake kallo? Ku ɗauki Jon Jones na Amurka, wanda yaran ga ke ce ma ba a taɓa yin kamarshi ba. A 2015 ya ƙetare jar wuta a garin Albuquerque ya daki motar wata mace mai ciki, hannunta ya karye, shi kuma ya fita da gudu ya bar ta nan, anka ƙwace kambunshi. A 2016 anka cire shi daga babban wasan UFC 200 saboda gwaji ya nuna haramtaccen magani a jikinshi. A 2017 ya doke Daniel Cormier, duniya ta yi ta tafi, bayan kamar sati uku gwaji ya nuna alamar turinabol, wani haramtaccen maganin gina tsoka, anka soke nasarar. Sannan a 2023 ya dawo ya ɗauki kambun masu nauyi, anka sake ɗaga shi sama. Ni na tambayi yarana mi kunka fahimta da labarin ga, wani ya ce mini malam ai in kana da ƙarfi komi ka yi za a yafe maka. Wallahi amsar da ya ba ni kenan, kuma ban ga laifinshi ba don abin da anka nuna mishi kenan.

Ga Conor McGregor na Ailan, shi kuma ba a maganar baki. A 2018 a Brooklyn ya ɗauki ƙarfen tura kaya ya jefi gilashin bas ɗin da ke ɗauke da 'yan uwanshi 'yan faɗa, gilashi ya yanki mutane har wasu sunka kasa yin wasansu. A 2019 ya naushi wani dattijo a mashaya a Dublin, kotu ta ci shi tarar Yuro 1000, kuɗin da ba su kai na takalminshi ba. A ƙarshen 2024 wata kotu a Dublin ta same shi da alhakin cin zarafin wata mace ta ce shi biya ta diyya. Duk da haka tafiyarshi ta taƙama, wadda yake wurga hannuwa, ita yara ke kwaikwayo a bakin lakwal. Kafin shi akwai Mike Tyson da ya ciji kunnen Evander Holyfield a 1997, har yau hoton na yawo ana dariya. Kuma kar wani ya ce ai wannan halin waɗanda ba su salla ne, Khabib Nurmagomedov na Rasha da yaranmu ke so don musulmi ne mai kamun kai, shi ma a 2018 bayan ya gama da McGregor sai da ya tsallake keji ya faɗa ma mutanen abokin karawarshi, anka dakatar da shi wata tara anka ci shi tarar dala 500,000 ta Amurka. Bambancin dai can akwai hukunci a rubuce, an san laifi kaza tara kaza.

Maganar magani kuwa ba ta tsaya ga mutum guda ba. Anderson Silva na Brazil an kama shi a 2015, Canelo Álvarez na Meziko an dakatar da shi wata shida a 2018 saboda haramtaccen maganin clenbuterol, ya ce a nama ya ci. Jarrell Miller ya rasa dambenshi da Anthony Joshua a 2019 don gwaji ya nuna haramtattun abubuwa har kala uku a jikinshi. Ryan Garcia an dakatar da shi shekara guda a 2024. Waɗannan masu miliyoyi ne, suna da likitoci na kansu da ke auna jininsu, suna da lauyoyi. Yaron Tawa da ke son jikinshi shi zama irin nasu ba shi da ko ɗaya, abin da yake da shi jika biyu ne a aljihu da mai tallar magani a kan keke.

Wanga shi ya kawo ni abu na biyu, kuma nan ne zan daɗe don nan ne ciwon yake. Maganin ya riga ya iso, ba wai yana hanya ba. Kuma mutane na haɗa abubuwa uku wuri guda suna ce musu maganin ƙarfi alhali kowane da irin ɓarnarshi.

Akwai tramol, wanda ba sai na gaya ma ɗan Nijar ko mine ne ba, daga mai kabu-kabu har mai haƙar zinariya har yaron da ke tura baro. Shi ba ya ƙara tsoka, yana kashe jin ciwo da gajiya ne, sai yaro ya ga ya yi atisaye awa uku bai gaji ba ya ɗauka ƙarfi ya samu. In ya yi yawa yana kawo farfaɗiya, mutum na tsaye sai ya faɗi yana shure-shure, kuma in jiki ya saba barinshi sai an sha wuya. Hukumar yaƙi da shan magungunan ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta sa tramol cikin abubuwan da anka hana a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024. Ina so in san 'yan kokowa nawa ne cikin tamanin da ke zuwa Takobi anka zaunar anka gaya musu wannan da harshen da suke ji.

Akwai deksa da ire-irenta na sha-ka-fashe, da mata sunka fara sha don su yi ƙiba, yanzu samari sun shiga. Tunda kokowarmu ta Takobi ba a raba mutane da nauyi, ƙaramin yaro na ganin in ya ƙara kilo goma ba mai ɗaga shi. To deksa ba tsoka take sa wa ba, ruwa ne da kitse, fuska ta kumbura ciki ya fito, tsokar cinya ma ragewa take, ƙashi ya yi rauni, ga hawan jini ga ciwon suga. Kamar ragon layya ne da anka ɗura ma magani a kasuwa, ka gan shi dam-dam, ka yanka ka tarar ba nama.

Sannan akwai ainihin steroid ɗin masu gina tsoka, testosterone na allura da su dianabol na haɗiya, waɗanda a da sai a labari muke jin su, yanzu suna shigowa cikin jakar matafiya, ana sayar da su a ɓoye a wasu ɗakunan ɗaga ƙarfe, ko a yi oda ta WhatsApp a aiko a mota. Su kam suna aiki, ƙarya ne a ce ba su aiki, kuma shi ya sa suke da haɗari. Cikin wata biyu kafaɗa ta buɗe, hannu ya cika, yaro ya riƙa ɗaga abin da bai iya ɗagawa a da. Abin da mai sayarwa ba zai gaya mishi ba shi ne, in ka zuba ma jiki wannan sinadari daga waje, jiki na daina yin nashi. Maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu har mutum ya kasa haihuwa, wani nono ya fito mishi irin na mace, ƙuraje su cika baya, na haɗiya su ci hanta, zuciya ta yi kauri, jini ya hau. Yaron da bai gama girma ba kuma ƙashinshi na iya rufewa da wuri ya tsaya nan ba ƙarin tsawo har abada. In sun yi karo-karo sun sayi kwalba guda suna sokawa da allura guda, ga ciwon hanta mai yaɗuwa ga sida. Ranar da ya daina kuma jiki ya saki, zuciya ta mutu, ba sha'awa ba kuzari, sai ya koma.

Ku yi tunanin maganar haihuwar nan a irin garuruwanmu. Saurayi ya yi allura shekara biyu, ya yi aure, shekara uku shiru. Wa za a kai wurin malam? Wa dangin miji za su sa ma ido? Matar. Ita za a yi ma kishiya ko a sake ta, shi kuma yana nan da faffaɗan ƙirji ba wanda zai kawo shi a rai.

Akwai wani yaro a cikin waɗanda nike koyarwa, ba zan faɗi sunanshi ko unguwarsu ba, yaro mai ladabi mai kafa, in ya kama ƙafarka sai ka kai ƙasa. Ya ɓace mini wani lokaci, anka ce ya koma ɗakin ɗaga ƙarfe, da ya dawo na kusa kasa gane shi, wuya ya cika, baya duk ƙuraje, ido ja. Ranar nan wani ƙaramin yaro ya kada shi a wasa, kaye mai kyau na dabara, maimakon shi tashi shi kakkaɓe shi ba da hannu sai ya bi yaron da naushi, sai da munka taru munka riƙe shi. Uwarshi ta zo har gida tana kuka ta ce ƙanwarshi ma ya mara don ta taɓa mishi salula, abin da bai taɓa yi ba. Daga baya idonshi ya yi rawaya anka kai shi likita, anka ce hanta ce. Allah ya sa ya tashi, amma kuɗin da anka kashe sai da anka sayar da tumakin uwar. Wanda ya sayar mishi da maganin yana nan yana harkarshi. Likitoci na cewa ba kowa ne steroid ke sa ma zafin rai ba, na yarda, amma wanda na gani da idona ya sa mishi.

Masu kallon kac su tambayi manyansu labarin Eddie Guerrero da zuciyarshi ta tsaya a 2005 yana da shekara 38, da Chris Benoit da ya kashe matarshi da ɗanshi ya kashe kanshi a 2007. Shi Benoit an samu testosterone mai yawa a jikinshi, an kuma samu ƙwaƙwalwarshi ta lalace saboda yawan bugun kai, don haka ba a ce magani kaɗai ne ba, amma waɗannan su ne jikunan da yara ke manna hotonsu a bangon ɗaki.

Abu na uku wata magana ce da nike yawan ji a fada, har daga bakin manya, wai mine ne abin damuwa, ai dama kokowa kowa da asirinshi, wani laya wani guru wani rubutu, to wannan ma asirin bature ne. Ina roƙonku ku fito ku kashe maganar ga da bakinku don ta fara zama hujja. Laya ko ka yarda da ita ko ba ka yarda ba a fili take, an ɗaura ta a dantse kowa na gani, abokin karawarka ma da tashi, malamai sun daɗe suna faɗin abin da addini ya ce a kanta, wannan tsakanin mutum da Ubangijinshi ne. Amma laya ba ta taɓa cin hantar kowa ba, ba ta taɓa hana kowa haihuwa ba, kuma ba ta tilasta ma abokin karawarka shi ma shi cuci jikinshi. Allura tana tilastawa. In mutum guda a jiha ya yi ya ci zaɓe, badi mutum biyar za su yi, ba don suna so ba sai don sun ga in ba su yi ba ba su kai labari. Wanda zai fara faɗuwa shi ne ɗan kokowar ƙauye na Buza ko Keita ko Illela, wanda ƙarfinshi na hura ne da nono da noma da jan ruwa a rijiya mai gaba talatin, ya zo birni a ɗaga shi sama ya koma gida yana tunanin shi ne rago.

Kuma mu gaya ma kanmu gaskiya, kuɗi sun shigo kokowa. A 1975 da anka fara gasar Takobi nan garin Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, abin da ake nema suna ne da girma. Yau sarkin kokowa na tashi da miliyoyin sefa, ga kyaututtukan 'yan kasuwa da na manyan jiha, ga talla. Ba ni baƙin ciki, wallahi sun cancanta, da ma a ƙara musu, mutanen ga jikinsu ne jarinsu kuma shekarun cin moriyarshi kaɗan ne. Amma duk inda kyauta ta yi girma, son yanke hanya na girma tare da ita, haka ya faru a dambe, haka ya faru a tseren keke da na gudu tun zamanin Ben Johnson a Seoul a 1988. Ba wani dalili da zai sa a ce mu jininmu daban ne. Kuma 'yan kokowarmu na fita waje suna karawa da na Senegal da na Najeriya da na Burkina, ranar da anka kama ɗan Nijar guda a gwaji a wata ƙasa, ba sunanshi kaɗai zai ɓaci ba, duk takubban da anka ci da gumi sai an sa musu alamar tambaya, har na mutum irin Issaka Issaka na Doso da ya ɗauka sau shida. Gwaji kariya ne ga mai gaskiya kafin ya zama tarko ga maƙaryaci.

Abu na huɗu hali ne. Wannan ba zan ja shi ba don kun fi ni gani, kuna zaune a rumfar manya. Kirari ado ne na kokowa, ɗan kokowa ya fito ya yi kuwwa ya faɗi ƙauyensu ya faɗi wa ya kada, makaɗa su ɗauka, cali-cali su ba mutane dariya, ba wanda ya ce a hana. Amma kirari daban zagin uwa daban. Yanzu akwai masu ɗaukar bidiyo a TikTok suna zagin abokin karawa da iyayenshi da jiharshi don a samu mabiya, salon McGregor ne sak anka juye da Hausa da Zabarmanci. Akwai ƙin yarda da kaye, a tsaya ana nuna alƙalin wasa da yatsa, magoya baya su fara jifa. Duk abin da babba ya yi a fili ranar Lahadi, ni ina ganinshi ranar Litinin a wurin yara 'yan shekara goma sha biyu, har yadda ake harara. Alhali muna da waɗanda za a nuna. Issaka Dabore ya kawo ma Nijar tagulla a dambe a Munich a 1972. Abdoulrazak Alfaga ya kawo azurfa a taekwondo a Rio a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Ko a faɗan kejin ma akwai Francis Ngannou na Kamaru da ya taso yana haƙar yashi, ya ratsa ta ƙasarmu da hamada ya kai Maroko ya ƙetara, ya zama zakaran masu nauyi na UFC a 2021. Labarai masu kyau na nan, ba a dai tura su ne yadda ake tura na rashin kunya.

To ga abin da muke roƙo, ranku shi daɗe.

A yi gwajin fitsari a gasar Takobi, kuma a faɗi sakamako a fili. In ana yi ne mu ba mu sani ba, to ku sanar da mu, a ce an gwada mutum kaza an samu kaza, don gwajin da ba a ji labarinshi ba ba ya tsorata kowa. Na san za a ce tsada, gaskiya ne, gwajin steroid sai an aika waje ɗakin binciken da WADA ta amince da shi. Amma ba sai an gwada tamanin duka ba, a ɗauki huɗun ƙarshe, a ƙara da wasu ta hanyar ƙuri'a a gaban kowa. Na tramol kuma akwai na nan take mai sauƙin kuɗi. In ana iya samun kuɗin masaukin manyan baƙi da na man motocin rakiya, ana iya cire wani abu a ciki, ko a ce duk kamfanin da zai manna tallarshi a fili shi ɗauki nauyin gwaji kaza.

Kar a tsaya ranar gasa kawai. Mai yin steroid ba wawa ba ne, a watannin shiri yake yi, ya tsaya kafin lokaci, ƙarfin ya rage mishi maganin ya fita. Ba a fafe gora ranar tafiya. A riƙa kai ziyarar ba-zata wurin da jihohi ke killace 'yan kokowarsu, da lokacin zaɓen gunduma, don can ne ƙananan ke fara gwadawa.

A rubuta hukunci, a karanta ma kowa kafin shi sa hannu ko shi dangwala, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, ba da Faransanci kaɗai ba, don da yawan 'yan kokowarmu ba su yi lakwal ba kuma zalunci ne ka hukunta mutum da dokar da ba a taɓa fassara mishi ba. Wani ma maganin mura ko na ciwon gwiwa zai saya a kasuwa bai san mi ke ciki ba. Kowace tawaga ta samu ma'aikacin lafiya da za a riƙa nuna ma duk abin da za a haɗiya. Kuma hukuncin kar shi tsaya kan ɗan kokowa, shi hau kan mai horaswa da uban gida da duk wanda ya kawo maganin, don sau da yawa yaron ba shi ya nema ba, ba shi anka yi anka ce bitamin ne. Haka ma na hali, wanda ya zagi alƙali ko ya daki wani a wajen fili ko ya ɗaga hannu ga matarshi har ta kai ga hukuma, a san abin da zai biyo baya, ko da shi ne ke riƙe da takobi, ko da gwamnan jiharshi zai kira waya. In anka yafe ma babba sau guda to an gama, yara sun gane.

Ɗakunan ɗaga ƙarfe da ke buɗewa a Yamai da Tawa da Ƙonni da sauran garuruwa, a san adadinsu a san masu su. Da yawansu mutanen kirki ne masu neman halal, su ma suna kuka da masu ɓata musu sana'a. Ku haɗa kai da ma'aikatar lafiya da hukumar OCRTIS mai yaƙi da fataucin ƙwaya da 'yan duwan, a sa waɗannan alluran cikin abin da ake nema a kan iyaka, don yanzu in jami'i ya buɗe jaka ya ga kwalabe da hoton ƙato a jiki yana iya ɗauka maganin gina jiki ne kawai.

Yaron da ya riga ya shiga kuma a buɗe mishi ƙofa. A ce ga likita kaza a kowace jiha da zai je ya faɗi gaskiya a auna hantarshi da jininshi ba tare da an kai shi kurkuku ko an watsa shi a gari ba. Wanda ya daɗe yana shan deksa ma in ya yanke ta rana guda yana iya faɗuwa, sai likita ya riƙa rage mishi a hankali, yaran ba su san wannan ba, mu ma masu koyarwa sai da munka tambaya. Mu ma a tara mu a koya mana, ko kwana biyu ne a shekara, mu san alamomin, mu san abin da za mu ce ma uwa in ta zo.

Na ƙarshe shi ne wanda bai cin ko dala. Kwana goma na Takobi duk Nijar na zaune gaban tele da rediyo, daga Difa har Tilaberi, har 'yan bida da ke Abijan da Libiya na bi a salula. Ba wani minista ko malami da ke samun kunnuwa irin waɗannan. Ku ba tsofaffin sarakunan kokowa da masu ci yanzu minti biyu-biyu tsakanin karawa, kowa ya faɗi da bakinshi abin da yake ci da yadda yake atisaye da abin da bai taɓa sa ma jikinshi ba, a kawo likita ya faɗi maganar maraina da haihuwa ɓaro-ɓaro ba kunya, don ita ce kaɗai samari ke tsoro, ba su tsoron mutuwa. A ce ma makaɗa su sa ta a kiɗa. Ni in na faɗa sau ɗari yaro na cewa tsoho ne bai ci komi ba, in mai takobi ya faɗa sau guda ta zauna.

Muna jiran amsa, ko a rediyo ne, kafin a buga gangar farko ta bana. In kuna bukatar waɗanda za su zagaya unguwanni da saƙon, mu masu koyar da yara a shirye muke, ba mu neman ko kuɗin mai.

Allah shi ba ku ikon yi, shi tsare mana ɗiyanmu. Wassalam.

Naku,
wani tsohon ɗan kokowa mai koyar da yara, a madadin 'yan uwanshi da iyayen yara,
Tawa.